Karkarar Arewacin Kano a Matsayin Fagen Bincike ga Ɗaliban Labarin Ƙasa

A arewa da birnin Kano, daga inda gine-ginen Ungogo da Dawanau suke fara raguwa har zuwa kan iyaka da Jigawa da Katsina, akwai shimfiɗaɗɗiyar karkara wadda gona take manne da gona babu daji a tsakaninsu, sai layukan gamba da lalle da cin-da-zugu da suke raba mallakar wani da ta wani, da kuma bishiyoyin da aka bari da gangan a tsakiyar shuka. Ƙananan hukumomin Minjibir, Gezawa, Gabasawa, Dawakin Tofa, Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa da Ghari, wadda a da ake kira Kunchi, duk suna cikin wannan yanki ko a gefensa. Masana labarin ƙasa, wato fannin da makarantu suke kira jogirafi, wanda yake nazarin dangantakar mutane da ƙasar da suke zaune a kanta, sun daɗe da ba wa wannan karkara suna na musamman a rubuce-rubucensu, suna kiranta yankin Kano mai cunkoson mazauna. Kaɗan ne daga cikin ƙasashen noma na Afirka masu ƙarancin ruwan sama aka auna aka kuma rubuta labarinsu kamar wannan, kuma a nan ne babbar damar ɗalibin digiri na biyu ko na uku take, domin ma'aunan da aka ɗauka shekaru talatin zuwa sittin da suka wuce suna nan a ajiye, suna jiran wanda zai koma gonakin ya sake aunawa.

Dalilin da ya jawo hankalin masana zuwa wannan wuri tsohuwar muhawara ce. Tun 1798 wani malamin Ingila mai suna Thomas Malthus ya yi hasashen cewa yawan jama'a yana ƙaruwa fiye da yadda abinci zai iya ƙaruwa, saboda haka ƙarshen cunkoso shi ne yunwa da gajiyar ƙasa. A 1965 wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmark, Ester Boserup, ta kawo ra'ayi kishiyar wannan, cewa matsin jama'a shi ne yake tilasta wa manoma ƙara ƙwazo da dabara a kan 'yar gonar da suke da ita. Karkarar Kano ta dace da gwada waɗannan ra'ayoyi biyu, domin cunkosonta ba na jiya ba ne: matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya riga ya bayyana ƙasar a matsayin mai yawan jama'a da albarkar noma, rabin ƙarni kafin Turawan Ingila su ci birnin a 1903.

Wanda sunansa ya fi haɗuwa da wannan bincike shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1962 zuwa 1979, sannan ya zama farfesan labarin ƙasa a Jami'ar Bayero har zuwa 1986, ya kuma rasu a 2017. A 1965 shi da J. Wilson suka fitar da wani rahoto kan ƙasa da mutanen wannan yanki, bayan aikin da suka yi a gundumar Ungogo, inda suka shata iyakar yankin da cewa shi ne duk inda yawan jama'a ya kai kimanin mutum 140 ko fiye a kowane murabba'in kilomita, kuma a lokacin sama da mutum miliyan biyu ne suke zaune a cikinsa. Abin da suka tarar shi ne an daina barin gona ta huta, wato abin da manoma suke kira saura, a mafi yawan ƙasar. Ana noma gona ɗaya kowace damina, shekara da shekaru, amma ba ta mutu ba. Mortimore ya ci gaba da bibiyar wannan al'amari ta cikin farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, ya rubuta littafinsa mai suna Adapting to Drought a 1989, sannan a 1999 shi da William Adams suka wallafa Working the Sahel, wanda ya kwatanta ƙauyuka huɗu na arewacin Najeriya, daga Tumbau ta ƙasar Gezawa mai cunkoso zuwa Dagaceri da Kaska da Futchimiram masu yalwar fili.

Yadda gonar take rayuwa ba tare da hutu ba abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk wani sabon bincike daga nan zai tashi. Da kaka, bayan an girbe gero da dawa, manomi ba ya barin komai a gona: ana tattara kara a kai gida, ana ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan rassan bishiya ko rufin soro inda dabba ba za ta kai ba. Awaki da tumaki suna ɗaure a turke duk tsawon damina domin babu makiyaya, ana yanko musu ciyawar da aka cire daga gona, da rani kuma su ci harawa da ganyen kara da 'ya'yan gawo. Kashinsu yana haɗuwa da toka da sharar tsakar gida a juji, kuma kafin faɗuwar ruwa sai a loda shi a mangala a kan jaki, ko a amalanke, a kai gona a zuba tsibi-tsibi a jere, ta yadda mai wucewa a watan Afrilu zai iya ƙirga tsibin taki ya san ƙarfin mai gonar. Wake da gyaɗa da ake shukawa a tsakanin hatsi suna da ƙwayoyin halitta a saiwarsu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, ƙurar hunturu kuma tana sauke wasu sinadaran a kan ƙasa kowace shekara. Frances Harris, wadda ta yi aiki a Tumbau a shekarun 1990, ta auna abin da yake shiga gona da abin da yake fita daga cikinta na waɗannan sinadarai, ta nuna cewa haɗin noma da kiwon ƙananan dabbobi shi ne ginshiƙin da tsarin ya dogara a kansa, kuma aikin hannu mai yawa shi ne kuɗin da ake biya.

Haka labarin bishiyoyi ya zo da abin da ba a zata ba. A shekarun 1980 ra'ayin da ya yi rinjaye a hukumomin duniya shi ne cewa buƙatar itacen girki ta manyan birane za ta share bishiyoyin da ke kewaye da su. Wata tawagar masu bincike da ta haɗa da Reginald Cline-Cole, Julius Falola, Hamish Main, Janet Nichol, F. D. O'Reilly da Mortimore ta bi sawun itacen da Kano take ƙonawa, kuma littafinsu Wood Fuel in Kano na 1990 ya nuna cewa manoman kusa da birni suna kare ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya da ke gonakinsu, suna sassabe rassa ba tare da sare gindi ba, yayin da mafi yawan itacen kasuwa yake zuwa a manyan motoci daga dazuzzuka masu nisa. A 2018 Muhammad Usman da Janet Nichol suka sake duba yankin suka tarar da cewa yawan bishiyoyin gona ya ma ƙaru, sai dai darbejiya ce take mamaye wuri, itatuwan gargajiya kuma suna ja baya. Wannan aiki misali ne na irin binciken da ya fi amfani a nan: tambaya tsohuwa, wuri ɗaya, sabon ma'auni, da sakamakon da ya buɗe wata tambayar, domin ɗorawa tana ba da kalwa da daddawa, kuka tana ba da miya, gawo yana ciyar da ƙasa da dabba, kuma ya kamata a san abin da gida yake rasawa idan darbejiya ta maye gurbinsu.

Abin damuwa shi ne cewa yawancin cikakkun ma'aunan da ake jingina da su a yau an ɗauke su ne kafin shekarar 2000, alhali ƙasar ta sauya ƙwarai tun daga lokacin. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, bayan an riga an cire Jigawa daga cikinta a 1991, kuma ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, ta yadda duk wanda yake son sanin yawan mutanen wata unguwar karkara dole ya ƙirga gidaje da kansa. Babur ya karɓe yawancin aikin jaki, wayar salula ta sauya yadda manomi yake jin farashi, maganin feshi ya shiga inda ake noman farko da maimai da fartanya, ruwan sama ya farfaɗo bayan ƙarancin da aka sha daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980 amma yana zuwa da ambaliya da yankewa a tsakiyar damina, sannan cire tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga kuɗin sufuri da na duk abin da ake kaiwa gona. Roy Maconachie, a littafinsa na 2007 kan faɗaɗar birnin Kano da lalacewar ƙasa, ya riga ya yi gargaɗin cewa tsarin da aka yaba da ɗorewarsa yana fuskantar matsin da bai taɓa gani ba a gefen birni. Ko ƙarshen da Mortimore ya cimma yana nan daram, ko ya fara rushewa, ko ya tsaya a Gezawa ya faɗi a Ungogo, tambaya ce da ta fi ƙarfin kundi ɗaya, kuma kowane ɓangarenta ya isa digiri.

Ɓangaren mallakar ƙasa shi ne ya fi gaggawa. Gona tana sauya hannu a nan ta hanyar gado, saye, aro, haya da jingina, wato ba da gona a hannun mai ba da bashi har sai an biya, kuma rabon gado bisa shari'a yana ƙara yanka gonaki ƙanana a kowane zamani. Gandu, wato tsarin da uba da 'ya'yansa ma'aurata suke noma babbar gona tare suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da gayaunarsa, ya daɗe yana sassautawa. A kan wannan aka ƙara cinikin filaye, inda dillalai suke sayen gonaki a bakin hanyoyin Katsina, Dambatta da Haɗeja su yanka su fuloti-fuloti, wani lokaci a kafa harsashi a bar wurin shekaru ba gini ba noma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma a aikace dagaci da mai unguwa da shaidu su ne suke tabbatar da yawancin cinikin karkara, kuma tazarar da ke tsakanin doka da aiki fage ne na bincike mai faɗi. Ɗorayi ta isa ishara: lokacin da Polly Hill ta yi aiki a can a farkon shekarun 1970, wanda ya haifar da littafinta na 1977 kan karkarar Kano, ƙauyen manoma ne masu zaman gida-gida a tsakiyar gonakinsu, yau kuwa unguwa ce a cikin birni, kuma abin da ya same ta yana tafe zuwa ƙauyukan arewa. Ɗalibin da zai bi iyalai ashirin da suka sayar da gona ya gano inda kuɗin ya tafi da abin da 'ya'yansu suke yi yanzu zai ba da gudummawar da hoton tauraro ba zai iya bayarwa ba.

Ƙasa da ruwa ma suna da nasu tambayoyin. Sharar birni da manoman kusa suke saye a matsayin taki a da toka ce da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen abinci, yanzu kuwa cike take da leda da fasassun kwalabe da batura, kuma ana buƙatar a auna abin da hakan yake yi wa ƙasa. Wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da take tsotsar saiwar dawa da gero, alama ce da manoma suke karanta gajiyar gona da ita, don haka taswirar yaɗuwarta za ta iya zama taswirar raunin ƙasa. Rafin Jakara, wanda yake kwasar ruwan kwatamin birni ya haɗu da na Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, yana kwarara ne zuwa madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, kuma da ruwansa ake noman rani na kayan miya da suke komawa kasuwannin Kano. An yi rubuce-rubuce da dama kan ƙarafa masu guba a wannan ruwa, amma bibiya ta shekaru a wurare tsayayyu ita ce za ta nuna ko lamarin yana gyaruwa ko yana ta'azzara. Madatsun Thomas, Gari da Watari, waɗanda suka samo asali daga shirin gina madatsu da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sun kai shekarun da ya kamata a binciki yawan yashin da ya cike su da kuma wanda yake cin moriyar ruwansu.

Akwai kuma fagen da ɗalibai mata suka fi kowa damar shiga. Yawancin binciken farko maza ne suka yi shi da maza a bakin gona ko a zaure, alhali awaki da tumakin da takinsu yake riƙe da ƙasa da yawansu na mata ne, kuma a cikin gida ake mayar da gyaɗa mai da ƙuli-ƙuli, kalwa ta zama daddawa, a kuma yanke shawarar abin da za a sayar da abin da za a ci. Baƙon namiji ba ya wuce zaure, amma ɗaliba tana iya zama a tsakar gida ta ƙirga dabbobi ta ji tarihin kowace. Cin rani, wato tafiyar maza neman kuɗi bayan girbi, da kasuwar Dawanau wadda take jan riɗi da zoɓo da wake zuwa ƙasashen waje, su ma suna sauya abin da ake shukawa da wanda yake nomawa.

Ta fuskar inda za a yi karatun, ɗalibin wannan yanki ba ya buƙatar tafiya nesa. Sashen labarin ƙasa na Jami'ar Bayero yana da tsohon shirin digiri na biyu kan albarkatun ƙasa, kuma a nan ne malamai irin su Farfesa Emmanuel Olofin, wanda littafinsa na 1987 kan yanayin ƙasar Kano har yanzu ake komawa gare shi, suka horar da ɗalibai masu yawa. Littafin da Adamu Tanko da Saleh Momale suka tattara a 2014 kan muhalli da al'umma da ci gaban Kano shi ma mafari ne mai kyau. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta wannan jami'a, wadda aka kafa a 2012 ta kuma shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya yake tallafawa a 2014, tana da ɗakunan gwajin ƙasa da na taswirar kwamfuta, tana kuma karɓar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen da aikin 1965 ya fito daga cikinsa, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Jami'o'in jihar guda biyu, ta cikin birni da ta Wudil, suna koyar da fannin. Cibiyoyin binciken noma na duniya biyu, IITA da ICRISAT, suna da ofisoshi a Kano da gonakin gwaji a ƙasar Minjibir, inda aka fitar da irin wake masu saurin nuna da tsarin shuka layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake; yadda waɗannan dabaru suka bazu, da inda suka tsaya da dalilin tsayawarsu, aikin masanin labarin ƙasa ne fiye da na masanin tsirrai. Hukumar KNARDA, mai kula da bunƙasa noma da raya karkara a jihar, kuma tana da malaman gona da suka san ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya.

Taskar da aka fi sakaci da ita ita ce ta tsofaffin takardu. A farkon mulkin Turawa an shigo da wani tsarin haraji a ƙasar Kano da ake kira taki, daga takawa da ƙafa, ba takin gona ba, inda malaman taki suke auna kowace gona da sawu a rubuta girmanta da sunan mai ita, daga baya kuma aka zana taswirorin gonaki na wasu gundumomin da ke kewaye da birni. Irin waɗannan bayanai, da rahotannin kimanta haraji na gundumomi, ana neman su ne a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, kuma ɗalibin da ya iya karanta ajami da Larabci yana da fifiko a kan wanda Turanci kaɗai ya sani. Idan aka ɗora tsohuwar taswirar gonaki a kan hoton yau, ana iya ganin yadda gona ɗaya ta rabu gida biyar ko goma a cikin zamani uku. Bayanan ruwan sama na Kano sun faro tun farkon ƙarni na 20, suna cikin mafi tsawo a yankin, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya ce take riƙe da su. Ana iya haɗa su da tarihin baka, domin tsofaffi suna lissafin shekaru da sunayen yunwa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da kuma shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta karya noman da ya gina dalar gyaɗa.

Hotunan tauraron ɗan'adam kuwa sun zama kyauta, abin da magabata ba su samu ba. Jerin taurarin Landsat na Amurka yana ɗaukar hoto tun 1972, an kuma buɗe taskarsa ga kowa a 2008. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da hoto mai ƙarin kaifi duk bayan 'yan kwanaki. Hotunan leƙen asiri na CORONA da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 an sake su ga jama'a a 1995, kuma suna nuna ƙauyuka da bishiyoyi a daidai lokacin aikin Mortimore na farko. Manhajar QGIS ta zana taswira ba a biyan kuɗinta, Google Earth Engine yana ba mai ƙaramar kwamfuta damar sarrafa hotuna masu yawa ta intanet, bayanan ruwan sama na CHIRPS sun faro daga 1981, binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi tare da Bankin Duniya tun 2010 yana ɗauke da bayanan gonaki, shafin AJOL kuma yana tattare da mujallun Afirka. Sai dai wannan sauƙi ya haifar da wata matsala, domin kundaye da yawa sun koma kwatanta hoton wata shekara da na wata, a raba ƙasa zuwa gine-gine da gonaki da ciyayi, a fitar da kaso cikin ɗari, a rufe. A karkarar da kusan duk faɗinta gona ce tun kafin a harba tauraro na farko, irin wannan rabo ba ya faɗin wani sabon abu. Ɗigon hoton Landsat ɗaya yana rufe mita 30 a tsaye da 30 a kwance, kuma a cikin wannan ɗan wuri ana iya samun gero da wake da inuwar kuka da iyakar gonaki biyu. Ga shi kuma gajimare yana rufe ƙasa a watan Agusta lokacin da shuka ta fi nuna halinta. Hoto yana amfani ne idan mai shi ya taka wuraren da yake fassarawa.

Haka nan takardar tambayoyi, wadda ake rabawa mutum ɗari uku a kwana biyu, ba ta dace da wannan al'umma ba sai an yi hattara. Manomi ba ya lissafin gonarsa da hekta. Zai faɗi yawan mangalar takin da take ci, ko kwanakin da huɗarta take ɗauka, ko damin da take bayarwa a shekarar albarka. Dami kuma ba ma'auni ɗaya ba ne daga ƙauye zuwa ƙauye, don haka wajibi ne a ɗauki dami da yawa a sussuka a auna a kan sikeli kafin a mayar da shi kilo, a kuma zagaye gona da na'urar auna wuri maimakon dogaro da ƙiyasi. Kalmomin da manoma suke rarrabe ƙasa da su, irin su jigawa, rairayi, jangargari, shabuwa, laka da fadama, rabe-rabe ne da aka gina a kan lura ta zamani da yawa, kuma gwada su da sakamakon ɗakin gwaji bincike ne mai zaman kansa. A nan ɗalibi ɗan ƙasa yana da abin da baƙin masana suka sha wahalar nema ta bakin tafinta, muddin bai ɗauka cewa jin Hausar birni ya wadatar da shi daga koyon Hausar gona ba. Tambaya kan yawan dabbobi ko girman gona tana tayar da tsohon tsoron haraji da jangali, wani lokaci kuma tana tayar da tsammanin tallafi, kuma dukansu biyu suna karkatar da amsa.

Kuɗin bincike shi ne inda aka fi jin jiki. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu da bincike, amma ga malaman manyan makarantun gwamnati, don haka ɗalibin da ba ma'aikaci ba sai dai ya shiga ƙarƙashin aikin wani malami. Akwai guraben hukumar DAAD ta Jamus, da na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, da shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma wanda yake da rassa a jami'o'in fasaha na Minna da Akure, da cibiyar AFRIGIST ta Ile-Ife mai horarwa kan taswira da hotunan sama. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin arewa, da Hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi, suna buƙatar bayanan da ɗalibai za su iya samarwa. Taron shekara-shekara na Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Najeriya wuri ne na gabatar da sakamakon farko da samun gyara. Alherin wannan yanki dai shi ne kusancinsa, tunda Gezawa ko Minjibir tafiyar ƙasa da awa guda ce daga birni, kuma ma'aunin ruwan sama na roba da sikeli da tef da littafin rubutu ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba.

Ga mai digiri na uku, kwatanci da yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar yana ƙara wa aiki nauyi. Manoman can Hausawa ne masu irin amfanin gona ɗaya da kalmomi ɗaya, amma a ƙarƙashin wasu dokokin ƙasa da na daji, kuma tun shekarun 1980 suka shahara da rainon tsiron da yake fitowa daga kututturen bishiya a gona. Mortimore da Mary Tiffen da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta yankunan biyu a wajajen shekarar 2000, kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi abokiyar aiki ce ta kusa ga wanda ya ɗan iya Faransanci.

Tsarin lokaci kuma ya kamata ya bi kalandar gona, ba ta jami'a kaɗai ba. Kai taki ana ganinsa ne daga Maris zuwa Mayu, binne da shuka daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, girbin gero a Satumba, na dawa da wake daga Oktoba zuwa Disamba, kuma wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu sai ya jira wata shekara. Hira mai tsawo ta fi yiwuwa da rani, ko da yake a lokacin 'yan cin rani ba sa gida. Shiga ƙauye yana farawa da takardar gabatarwa daga sashe zuwa ƙaramar hukuma da hakimi, daga nan zuwa dagaci da mai unguwa, tare da bayyana wa kowa a fili cewa bincike ne ba rabon kaya ba, da neman yardarsa kafin a rubuta maganarsa ko a ɗebi ƙasar gonarsa. Damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a wurin da ruwa yake iya sauka a Dambatta ya tsallake Makoɗa, saboda haka ya dace sassan jami'o'i su riƙe ƙauyuka tsayayyu da ɗalibai za su riƙa gadar juna a cikinsu, kowa ya bar lambobin wuraren da ya ɗebi ƙasa, da ainihin alƙaluman da ya tara, a ma'ajiyar sashe tare da kundinsa, ya kuma mayar wa dagaci da manoman da suka ba shi lokacinsu taƙaitaccen sakamakon da Hausa.